Marsandi 190 mai Speeduino: da safe silo yana hawa yana sauka, daga ina matsalar take?

Mai Ɗari da Casa'in: Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema. Ina da Marsandi 190E, injin M102 mai lita 2.3. KE-Jetronic ɗinta, wato na'urar feshin mai ta asali, ya gaji, aka ce in mayar da ita kafireto kamar yadda kowa ke yi, na ƙi. Na sa mata Speeduino, wato burenbos (kwamfutar inji) da mutum ke saitawa da kansa, da nozul huɗu na lantarki, da waidban, na'urar auna mai da iska daga hayaƙi, mai sensar Bosch LSU 4.9. Idan ta yi tafiya ta ɗauki zafi ba ni da ƙorafi. Da safe ne damuwata, tun da hunturun nan ya kankama a Jos. Bugu ɗaya take tashi, ta zauna lafiya a 1,200. Bayan kamar minti ɗaya da rabi sai silo ya fara lilo, ya sauka 700, ya haura 1,300, ya sake sauka. Shekaranjiya a mahaɗar farko da na ɗaga ƙafa daga totur ta mutu, yara suna baya zan kai su makaranta. Na duba a TunerStudio, manhajar saitin da ke laftof, daidai lokacin da gyaran sensa ya kama aiki, wato burenbos ya fara ƙara ko rage mai bisa abin da waidban ya auna, abin yake farawa.

Baba Kofar Ruwa: Wa alaikumus salam. Ɗana, shekarata talatin da ɗoriya ina taɓa waɗannan motoci. Inji mai sanyi mai yake so. Da can cok muke ja, ba mu maida shi sai inji ya yi ɗumi. Duk abin da ke rage mata mai da sassafe, kashe shi.

Injiniyan Samaru: Baba ya faɗi asalin maganar. Amma kafin a kashe komai, ɗan'uwa ka ba mu saitinka. A zafin ruwa nawa ka ce gyaran ya fara? Iko nawa ka ba shi na ƙara ko rage mai? Tartsatsin fulogi nawa yake jira kafin kowane takin gyara? Kuma me ke cikin teburin AFR, wato awon iska da mai da ake nema, a wajen silo?

Mai Ɗari da Casa'in: Injiniya, yana farawa a digiri 25. Iko kashi 20 cikin ɗari. Tartsatsi 4 kowane taki, tsarin mai sauƙi nake amfani da shi, ban taɓa ɗaya tsarin, PID, ba. A silo 14.7 na sa. Kafin gyaran ya kama, agogon waidban yana nuna 12.6.

Injiniyan Samaru: To ai ga shi nan a fili. Mutum biyu ka sa aiki ɗaya, kowa da umarninsa daban. Teburin ƙarin man ɗumi, wato WUE, yana cewa inji da sanyi, a ƙara mai. Shi kuma gyaran sensa bai san da zancen sanyi ba, abin da ka faɗa masa kawai shi ne ya kai hayaƙi 14.7. Daga 12.6 zuwa 14.7 ragin mai na kashi 14 ne, don lambar tana hawa ne idan mai ya ragu, kai kuma ka ba shi izinin 20. Sai ya kwashe kusan duk abin da WUE ya zuba.

Dalilin da ya sa inji mai sanyi ba ya jure wannan shi ne, fetur ba ya cin wuta sai ya zama tururi. Da safe bututun shigar iska da bayan bawul sun yi sanyi ƙarara, wani ɓangare na man da nozul ya fesa sai ya manne a bango kamar raɓa a jikin kwano. Wanda ya shiga silinda ma ba duka ya gama tururi ba lokacin da fulogi ya kyasta. Don haka ko da sensa ta ce 14.7, abin da ke kewaye da bakin fulogi ya fi haka ƙarancin mai. Sai silinda ɗaya ta yi misin. Idan ta yi misin, iskar oksijin da ba ta ƙone ba ta wuce salansa, ita kuma sensa oksijin take aunawa, sai ta ce mai ya yi kaɗan ƙwarai, ka ga 17 ko 18 ya yi tsalle. Burenbos ya antaya mai, ya wuce gona da iri, ya dawo ya rage. Lilon da kake ji ke nan.

Abu na biyu, saurin takin. Inji mai silinda huɗu yana kyasta sau biyu a kowane juyi. A 900 ke nan tartsatsi 30 a daƙiƙa ɗaya. Ka ce kowane tartsatsi 4 a gyara da kashi 1, wato gyara bakwai da rabi a daƙiƙa. Amma a silo hayaƙi ba ya sauri. Daga lokacin da aka canza man zuwa lokacin da sensa ta ga sakamakon, rabin daƙiƙa ko fiye yana wucewa, musamman idan sensar tana nesa da kan inji. Kafin labari ya dawo ya riga ya yi taki huɗu ko biyar a makance. Mai da shi tartsatsi 16 tukuna, ko 20.

Ɗan Maraɗi: Ni tambayata ɗaya. Me ya kai ka sa 25? Na burenbos ɗin MegaSquirt da na saba gani kusan 70 ake barin sa, Fahrenheit 160.

Mai Ɗari da Casa'in: Da farko 70 na sa. Sai na lura gyaran ba ya kamawa ko kaɗan, sai in na daɗe a cunkoso. A kan hanya ruwan ba ya wuce 58 zuwa 62. Shi ne na yi ta saukar da shi har 25.

Ɗan Maraɗi: Tsaya. 60 a kan hanya? Akwai tamostat a motar nan?

Mai Ɗari da Casa'in: Babu. Haka na saye ta. Fankar ma an ɗaure ta, tun daga kunnawa take juyawa.

Ɗan Maraɗi: To Malam, ba saitin kwamfuta ne matsalarka ta farko ba. Motarka ba ta taɓa fita daga ɗumama ba, duk yini a ciki take.

Baba Kofar Ruwa: A nan kam zan saɓa muku. Tamostat na ƙasar Turawa ne, inda ruwa ke daskarewa. A watan Afrilu a Kano rana tana haura 40. Na ga gasket nawa da suka ƙone saboda tamostat ya maƙale a rufe? Mai mota talaka ne, gara a cire masa ya huta.

Injiniyan Samaru: Baba, Allah ya ƙara girma, abin da kuka gani gaskiya ne, tamostat yana maƙalewa kuma yana ƙona gasket. Amma ku dubi abin da ke sa shi maƙalewa: ruwan rijiya da ake ɗurawa lagireto shekara da shekaru, tsatsa da gishiri su cika ko'ina, murfin lagireto kuma ya daina riƙe matsi. Ruwa zalla a Jos, da tsayinta na kusan mita 1,200, yana tafasa a wajen 96. Da murfi mai riƙe bar ɗaya sai ya kusa 120. Idan lagireto a wanke yake, murfi lafiya, zafin 40 na waje ba ya hana inji zama a 85 zuwa 90. Tamostat ba ya ƙara wa inji zafin ƙarshe, ƙasa yake tokarewa kada ya yi sanyi. Kuma a irin wannan injin, tamostat ɗin yana da faifai a gindinsa wanda ke toshe gajeriyar hanyar ruwa idan ya buɗe. Cire shi yana barin wannan hanya a buɗe, wani ruwan ya riƙa zagayawa cikin inji ba tare da ya bi ta lagireto ba. A rana mai zafi sosai wannan cutarwa ce.

Baba Kofar Ruwa: Zancen faifan nan gaskiya ne, na san shi. Mu kan toshe hanyar idan mun cire. Amma ba kowa ke yi ba, na yarda.

Maman Hanif: Gafara dai malamai, in sa baki. Ni Speeduino ɗina a kan Corolla yake, amma irin wannan ta taɓa cin mini mako biyu. Mai Marsandi, wace sensar ruwa ka ɗaura, kuma wane awo ka zaɓa mata a TunerStudio?

Mai Ɗari da Casa'in: Hajiya, ta Bosch ce da ke jikin injin tun asali. Awon kuma na GM na danna, don a bidiyon da na bi shi aka zaɓa.

Maman Hanif: Abin da na yi zato ke nan. Ba ɗaya ba ne. Ta Bosch tana ba da om 2,500 a digiri 20, ta GM kuma kusan 3,500. A 80 duka biyun suna wajen 320 zuwa 330, shi ya sa mutum ba ya lura, don idan inji ya yi zafi sai su yi daidai. A sanyi ne suke rabuwa. Idan ruwanka yana 10 na gaskiya, burenbos zai ɗauka 18 ne. Gobe da asuba kafin ka kunna, juya makulli kawai ka dubi zafin ruwa da zafin iska. Motar da ta kwana ya kamata su zo kusan ɗaya.

Mai Ɗari da Casa'in: Na duba yanzu bayan sallar asuba. Iska 11, ruwa 19. Wallahi wata uku ina ganin wannan bambancin ina ɗauka ɗumin jiya ne bai gama fita ba. Na saka lambobin awo uku na Bosch, ruwa ya dawo 12.

Abba Turbo: Ni fa ban gamsu da inda aka dosa ba. Kowa yana cewa a jira 70. Motocin kamfani na zamani cikin daƙiƙa ashirin ko ƙasa da haka suke shiga gyaran sensa, ruwa ko 30 bai kai ba, kuma ba sa lilo. Mun sayi waidban da tsada, sai mu kashe shi a lokacin da mota ta fi shan mai? Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa ya san abin da lita take ci a aljihu. Mai zuwa aiki na minti goma, rabin tafiyarsa a ɗumama take ƙarewa.

Injiniyan Samaru: Abba, maganarka tana da tushe. Kamfanoni suna shiga da wuri ne don dokar hayaƙi, suna so katalis, mai tace hayaƙi a salansa, ya kai zafin aikinsa, wajen 250 zuwa 300, da gaggawa. Amma dubi abin da suke da shi a ƙasa. Suna da lissafin man da ke manne a bango a kowane zafi, irin wanda ake kira X-tau, wanda wani injiniyan Ford, Aquino, ya bayyana tun 1981. Suna jan lokacin tartsatsi baya da gangan, su ƙara iska. Sun gwada injin a ɗakin sanyi sau ba adadi. Gyaran sensa a wurinsu ɗan shafa ne a kan abin da ya riga ya yi daidai. Mu kuma teburin da aka kwafo daga intanet muke so sensa ta gyara mana da kashi 20.

Abba Turbo: To ai sai a ce a gyara tebur, ba a ce gyaran sensa a sanyi haramun ne ba. Ni a burenbos ɗina na Link ina da teburin da ke sauya abin da ake nema gwargwadon zafin ruwa. A 20 ina neman lamda 0.92 (lamda 1 shi ne 14.7), a 50 ina neman 0.97, daga 70 sai 1. Gyaran yana kamawa daƙiƙa 30 bayan tashi, da iko kashi 5. Ba ya faɗa da WUE don inda suka nufa ɗaya ne.

Injiniyan Samaru: Wannan ban da ja a kai. Idan akwatinka yana ba ka damar motsa abin da ake nema da zafin ruwa, kuma ikon kaɗan ne, yi. 0.92 ɗin nan kusan 13.5 ne a fetur, kuma a wajen nan yawancin injinan da na taɓa suke samun natsuwa da safe. Shi ɗan'uwanmu 14.7 ɗaya tilo yake nema daga sanyi har zafi, da iko ninki huɗu na naka.

Akwai kuma abin da mutane ke ruɗewa a kai. WUE na 130 ba ya nufin sensa za ta ga ƙarin kashi 30. Wani man yana bin jikin silinda ya gangara cikin baƙin mai, bai ƙone ba, bai kuma bi ta salansa ba. Idan WUE ya yi daidai, za ka zuba ƙarin 25 ko 30 amma agogo ya nuna 13.5. Idan yana nuna 12 ko 11 da wani abu, ka zuba fiye da kima, fulogi zai yi baƙi, baƙin mai ya riƙa warin fetur. Mai Marsandi, zaro sandar awon mai ka shinshina.

Mai Ɗari da Casa'in: Yana warin fetur sosai. Kuma ya ɗan haura alamar sama, alhali ban ƙara ba.

Ɗan Maraɗi: Injin da ke yini a 60 ke nan. Zafin bai isa ya kori fetur da ruwan da suka taru a ciki ba. Ka juye shi ranar da za ka sa tamostat.

Riwaya Panteka: Ni ɓangaren waya zan taɓo. Daga ina waidban ɗinka yake samun wuta? Idan daga makulli ne kai tsaye, kuma kana da al'adar buɗe makulli ka zauna da laftof minti biyar kafin ka tayar, kana kashe sensar a hankali. LSU 4.9 tana aiki a wajen digiri 780. Da safe salansa cike take da raɓa, ka ga yadda ruwa ke ɗiga a bayan mota. Sensa ta yi jajir, ka kunna, ɗigon ruwa mai sanyi ya faɗa kan tangaran ɗin cikinta, ya tsage. Na canza wa wani guda biyu cikin wata shida kafin mu gano. Ɗauki wutarta daga rilen famfon mai, sai inji ya tashi ta fara zafi. Kuma a ɗaure ta kanta yana kallon ƙasa, aƙalla digiri 10 sama da kwance, don ruwa kada ya kwanta a ciki. In ka yi haka, jinkirin bayan tashi kada ya gaza daƙiƙa 30, don kafin ta yi zafi abin da take aikawa ba awo ba ne.

Sannan a duba walda. Ƙaramar ɓula a gaban sensa tana tsotso iska a silo, ta nuna ƙarancin mai na ƙarya. Da safe kafin ƙarfe ya buɗe ya matse gasket ɗin manifol abin ya fi yawa. Toshe bakin salansa da tsumma na ɗan lokaci ka saurari inda ke huci.

Ɗan Maraɗi: Masu gas ba su san wannan wahalar ba, don gas ba ya manne a bango. Amma su ma yawancin kit ɗin da fetur suke tashi, sai ruwa ya kai 30 ko 40 su juya.

Maman Hanif: Kada mu bar shi da tarin shawara ba jeri. Ga yadda na yi nawa. Tamostat da awon sensa tukuna. Sai ka bar inji ya yi zafi sosai, ka tabbata layin ƙarshe na WUE 100 ne cif a wajen 75 ko 80, ka gyara teburin VE, wato babban teburin mai, a nan. Kada ka taɓa VE da sanyi, ko hannunka yana ƙaiƙayi. Bayan haka sai safiya: gyaran sensa a kashe, laftof yana ɗauka, ka tayar ka bar ta a silo har ta yi zafi. A kowane digiri goma ka dubi AFR ka gyara layin WUE na wurin. Wahalar ita ce sau ɗaya a rana kake samun sanyi na gaskiya, ni safiya biyar na yi. TunerStudio na kuɗi yana da WUE Analyze da ke yin wannan da kansa, amma da biro da takarda ma ana yi. Daƙiƙun farko bayan tashi kuma ba na WUE kaɗai ba ne, akwai ASE, wato ƙarin man bayan tashi, a kai, ka jira ya ƙare kafin ka yanke hukunci.

Injiniyan Samaru: Ƙari ɗaya a kan na Hajiya. Ka shirya ganin teburin VE ɗinka ya nuna ƙarancin mai bayan ka sa tamostat. Ka gyara shi ne a 60, lokacin WUE yana ƙara wani abu a ɓoye, don haka lambobin sun yi ƙasa da gaskiya. WUE nawa ne a 60?

Mai Ɗari da Casa'in: 108. Kuma na tuna na sauke iyakar zafin ruwa a VE Analyze, mai gyara teburin VE da kansa, da hannuna don ya yarda ya yi aiki.

Abba Turbo: To ka ga. In ka gama, ina roƙonka ka gwada sauko da gyaran sensa 50 da iko kaɗan, kada ka tsaya a 70 don tsoro.

Mai Ɗari da Casa'in: Jama'a, na dawo da rahoto bayan kwana tara. Na sa tamostat mai 87 a jikinsa, an wanke lagireto, sabon murfi, an kwance ɗaurin fanka, na juye baƙin mai. Riwaya, ɓular tana nan, a waldar da aka yi wa mazaunin sensar, tsumma ne ya tona ta. Wutar waidban ta koma rilen famfo. Yanzu daga gida zuwa Terminus ruwa ya kai 85 ya tsaya. Kamar yadda Injiniya ya ce, ranar farko gyaran yana ƙara kashi 5 zuwa 6 ko'ina, sai da na sake bin VE gaba ɗaya. WUE ya ci mini safiya huɗu. Yanzu 132 ne a digiri 10, 118 a 30, 106 a 50, 100 a 75, kuma agogo yana tafiya daga 13.4 zuwa 14.5 a hankali ba tsalle. Gyaran sensa na sa shi a 65, iko kashi 7, tartsatsi 16, jinkiri daƙiƙa 40. Lilo ya tafi, ba ta sake mutuwa a mahaɗa ba. Abba, na gwada 50 jiya, silo bai motsa ba amma da na ɗaga ƙafa a giya ta biyu ta ɗan yi shiru kafin ta kama, sai na mayar 65.

Abba Turbo: Wannan shirun man bango ne, ba laifin sensa ba. Duba ƙarin man totur na sanyi, sannan ka sake gwadawa.

Baba Kofar Ruwa: Madalla ɗana. Ni dai Afrilu nake jira. In ka shigo Kano da ita cikin zafin nan ka biyo ta gareji in ga allurar da idona.

Mai Ɗari da Casa'in: In sha Allahu Baba, zan zo muku da ita. Saura abu ɗaya. Idan na tsaya shan mai na kashe ta minti goma, da na tayar sai ta nuna 16 na kusan minti ɗaya, kuma zafin iska yana nuna 58.

Maman Hanif: Sensar iskar ce ta jiƙa da zafin manifol, burenbos ya ɗauka iskar ta yi zafi ya rage mai. A ina ka ɗaura ta?

Mai Ɗari da Casa'in: A jikin manifol ɗin alminiyom, dab da kan inji.

Maman Hanif: Mayar da ita cikin robar da ke gaban totur, ka ɗauko mana sabon rikodi na tashin zafi mu gani.